Awoyin Disamba, maganin Maris: yadda inshorar lafiyar 'yan ƙwadago ke tafiya a Amurka

A farkon watan Maris wani maƙwabcina a Bronx da ke birnin Niyok, kafinta mai aikin gine-gine, ya je kyamis karɓo wa matarsa maganin hawan jini da ta saba sha. Ya miƙa kati, yarinyar da ke kan kanta ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce masa katin ba ya aiki. Ya ce haba, ai ko yanzu daga wurin aiki yake, ga ƙurar siminti nan a takalminsa, kuma tun tsakiyar Janairu bai yi fashin kwana ɗaya ba. Ta ce ita dai abin da ta gani ke nan. Bayan magariba ya shigo wurina da ambulan uku da bai taɓa buɗewa ba, ya zube su a gabana ya ce, "Malam, duba mini don Allah. Ina aiki, ana cire mini kuɗin ƙungiyar ƙwadago, ta yaya za a ce ba ni da inshora?"

Muka buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya cuce shi, kwamfutar ma gaskiyarta ta faɗa. A tsarin asusun lafiyarsu, aikin da mutum ya yi a Disamba shi ke saya masa inshorar watan Maris, shi kuwa a Disamba awa 70 kacal ya samu.

Ba shi kaɗai ba ne. Na ga irin wannan ya faru da matanmu masu kula da tsofaffi a gidaje, da masu gyaran ɗakuna a otal, da masu aikin wuta da famfo. Mutum ya san albashinsa har zuwa santi na ƙarshe, amma ka tambaye shi awa nawa aka rubuta masa a asusun lafiya watan jiya, sai ya tsaya kallonka. Alhali waɗannan awoyin, ranar da ciwo ya shigo gida, sun fi albashin wata tsada.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai so ya san me ya haɗa awa da asibiti. A Najeriya ma'aikacin da ke cikin tsarin inshorar NHIA, muddin sunansa na cikin takardar albashi, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 suna ciki, ba wanda zai ƙirga masa awa. A Amurka gwamnati na ɗaukar nauyin waɗanda suka kai shekara 65 ta shirin Medicare, da masu ƙaramin ƙarfi ta shirin Medicaid. Kusan rabin jama'ar ƙasar kuwa ta wurin aiki suke samun inshora. Kuma abin da tsada: cibiyar KFF, wadda ke bin wannan lissafi kowace shekara, ta ce a 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali guda ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara, wato sama da dala 2,100 kowane wata.

Wannan ɗaurin aure tsakanin aiki da lafiya yaƙi ne ya ƙulla shi. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta hana ƙarin albashi barkatai don kada farashi ya tashi. Ma'aikata sun yi ƙaranci, kamfanoni na zawarcinsu, ga shi ba damar ƙara kuɗi, sai suka koma jan hankali da inshorar asibiti, hukumomi kuma suka yarda cewa wannan ba ya cikin albashin da aka ƙayyade. A 1945 shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar likitocin Amurka ta tashi tsaye har abin ya bi ruwa. A 1954 dokar haraji ta tabbatar cewa kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a cire masa haraji a kai. Daga nan hanya ta miƙe.

To, wannan ya yi wa mai aiki a kamfani ɗaya shekara da shekaru daidai. Magini fa? Birkila ko mai walda na iya yi wa 'yan kwangila biyar aiki a shekara guda: sati shida a nan, wata uku a can, gini ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Idan kowane ɗan kwangila sai ka yi masa wata uku kafin ya saka ka a inshora, za ka tsufa a bakin aiki ba ka taɓa shiga ba. Mafitar ta fara bayyana a ramukan haƙar kwal. A 1946 John L. Lewis, shugaban ƙungiyar masu haƙar kwal, ya ja yajin aiki har gwamnati ta karɓe ma'adinan, aka yi yarjejeniya cewa za a riƙa zuba santi 5 a kan kowane tan na kwal cikin asusun jin daɗin ma'aikata. 'Yan majalisa suka tsorata da ganin irin wannan dukiya a hannun shugabannin ƙwadago. A 1947 suka zartar da dokar Taft-Hartley, duk da Truman ya hau kujerar na ƙi, kuma a cikinta aka ce irin wannan asusu dole ya zama amana a hannun amintattu, rabi daga ɓangaren ƙungiya, rabi daga ɓangaren masu ba da aiki. Har yau da sunan wannan doka ake kiran asusun.

Yadda abin yake shi ne, ƙungiya ta zauna da kamfanoni su sa hannu a yarjejeniya: ga abin da za a ba ma'aikaci a hannu kowace awa, ga kuma abin da za a zuba a asusun lafiya a kan kowace awar da ya yi. Ka yi wa wannan kamfani aiki yau, ka yi wa wancan gobe, duk tukunya ɗaya kuɗin ke shiga, da sunanka. Shi ya sa awa ta zama ma'auni. Asusun bai san ko kana da aiki yau ko ba ka da shi ba. Abin da ya sani shi ne awa nawa aka biya a kanka.

Nan ne kuskuren farko na maƙwabcina. Kuɗin ƙungiya da ake cire masa daban, kuɗin asusun lafiya daban. Na farko daga aljihunsa yake fita, ya tafi ofishin ƙungiya don tafiyar da harkokinta. Na biyu kamfani ne ke biya, ya tafi ofishin asusu, wanda a doka cin gashin kansa yake yi. Mutum na iya riƙe katin ƙungiya shekara ashirin bai taɓa makara da biya ba, amma inshorarsa ta yanke saboda awoyi ba su cika ba. Sau da yawa mutanenmu wurin wakilin ƙungiya suke zuwa da faɗa, shi kuwa iyakarsa ya ba su lambar ofishin asusu, don ba shi da ikon ƙara wa kowa awa ɗaya.

Kowane asusu da lambobinsa, amma ginin kusan iri ɗaya ne. Akwai ƙofar shiga, wadda ta fi tsawo: sabon shiga sai ya tara awoyi masu yawa cikin 'yan watanni kafin a fara ba shi kati. Sai adadin da zai riƙa cikawa don ya ci gaba da zama a ciki. Misalin da aka fi sani shi ne na ma'aikatan bayan fage a Holiwud, masu ɗaukar hoto da jan waya da ɗinka kaya: awa 600 kafin a shiga, sannan awa 400 a kowane wata shida, kuma ana iya ajiye rara har awa 450. A da awa 300 ake nema, a 2011 aka kai ta 400. A Las Vegas, asusun ƙungiyar ma'aikatan otal da kicin, mai mambobi kusan 60,000, awa 240 yake nema a kowane wata biyu. Wasu asusun makonni suke ƙirgawa, wasu kwanaki, 'yan wasan fim kuwa kuɗin da suka samu a shekara ake dubawa.

Dokar inshora ta zamanin Obama, ta 2010, ta ɗauki awa 30 a mako, ko 130 a wata, a matsayin cikakken aiki, ta kuma hana a sa sabon ma'aikaci jira fiye da kwana 90. Amma ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun bar wa waɗannan asusun na haɗaka damar ci gaba da ƙirga awoyinsu yadda suka saba, tunda mutum ɗaya na yawo tsakanin kamfanoni.

Sai tazarar lokaci, wadda ita ce ta kayar da maƙwabcina. Ka yi aiki a Disamba. Kamfani ba zai aika rahoton awoyi da kuɗi ba sai cikin Janairu. Ofishin asusu ya tattara, ya tantance, ya aika wa asibitoci da kyamis sunayen waɗanda suka cancanta. Kafin a gama, Maris ya kama. Wannan tazara tana da daɗi ta wani gefen: ranar da aka sallame ka, kana da sauran wata biyu ko uku na inshora da ka riga ka saya. Ɗacinta kuma shi ne, lokacin da ramin zai iso gare ka, ka riga ka manta da watan da ya haƙa shi. Kana cikin aiki ka'in da na'in, zuciyarka a kwance, sai kati ya mutu.

Don rage wannan aka ƙirƙiro abin da suke kira bankin awa. Ni rumbu nake ce masa idan ina yi wa mutanenmu bayani, kuma nan take suke ganewa. Aikin gini a Niyok yana da damina da rani: daga bazara zuwa kaka aiki kamar ba gobe, hunturu ya zo da dusar ƙanƙara ayyukan waje su tsaya. Abin da ya haura adadin wata sai a zuba maka a rumbu, watan da bai cika ba a ɗebo a cike.

Bari mu yi lissafin da lambobi na misali, masu kama da nasa. A ce asusu na neman awa 120 a wata, rumbu kuma ba ya ɗaukar fiye da awa 360, wato abincin wata uku. Mutum ya yi ta aiki daga Afrilu zuwa Satumba, wani watan 160, wani 170, har rumbu ya kai awa 260. A Oktoba aka bugo waya mahaifinsa ba lafiya, ya hau jirgi ya tafi gida, bai dawo ba sai ƙarshen Nuwamba. Wata biyu babu ko awa ɗaya, rumbu ya biya 240, saura 20. Waɗannan ne suka saya masa Janairu da Fabrairu, shi ya sa bai ji komai ba. Disamba ya dawo ya tarar da sanyi da hutun Kirsimeti, ya samu awa 70. A haɗa da 20 na rumbu, 90 ke nan. Saura 30 a kai 120. Aikin kwana huɗu bai cika ba, amma saboda shi iyali guda suka wayi gari ranar 1 ga Maris babu inshora.

Wannan gaɓa ce na fi so mutanenmu su riƙe, domin mu masu doguwar tafiya ne. Ba'amurke hutun sati biyu yake yi. Mu kuwa idan muka biya kuɗin jirgi zuwa Kano ko Yamai ko Kumasi, ba ma juyowa ƙasa da wata guda. Ga aikin Hajji, ga rasuwa, ga bikin 'ya, ga masu rage aiki a goman ƙarshe na azumi. Duk abubuwa ne da ba za mu bari ba, kuma ban ce a bari ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yanki tikiti, a kira ofishin asusu a tambayi awa nawa ke rumbu, da kuma wane wata ne zai ɗauki nauyin watannin tafiyar.

Ambulan ta farko da muka buɗe, tayin cike gibi ce. Asusu da yawa suna ba mutum dama ya biya kuɗin awoyin da suka rage daga aljihunsa. Idan a misalinmu kamfani dala 12 yake zubawa a kan kowace awa, awa 30 ta zama dala 360, a biya, Maris ya zauna lafiya. Sai dai wa'adin wannan tayi gajere ne, kwanaki ne ƙalilan, kuma ranar da muka buɗe takardar ya riga ya wuce. Ya daɗe yana kallon ta, bai ce komai ba.

Ambulan ta biyu ta COBRA ce. Wannan doka, wadda aka sa wa hannu a 1986, ta ce wanda ya rasa inshorar wurin aiki saboda sallama ko raguwar awoyi yana da haƙƙin ci gaba da ita har wata 18, amma shi zai biya kuɗin gaba ɗaya, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Ga mai iyali, maganar dala dubu biyu ake yi a wata ko kusa da haka. Akwai abu ɗaya a cikinta da mutane ba su cika sani ba. Ana ba mutum kwana 60 ya yanke shawara, sannan kwana 45 bayan ya amsa kafin ya fara biya, kuma idan ya amsa, inshorar na komawa baya ta fara daga ranar da ta yanke. Wanda ya san ramin na wata ɗaya ne yana iya riƙe takardar a hannu: in Allah ya kiyaye har watan ya wuce, shi ke nan, in kuwa wani ya kwanta a asibiti, ya cike takardar ya biya, a ɗauki nauyin jinyar. Rasa inshora kuma na buɗe wa mutum ƙofar kwana 60 ya sayi wata a kasuwar inshora ta gwamnati, in ma kuɗin shigarsa ya yi ƙasa yana iya dacewa da Medicaid.

Ba kowace awa ce ake ƙirgawa ba, kuma a nan ma ana yawan faɗawa rami. Awar da aka yi wa kamfanin da ya sa hannu a yarjejeniya, a aikin da yarjejeniyar ta ambata, ita ce awa. Ka yi wa wani ɗan kwangila aikin Asabar ya danƙa maka kuɗi a hannu babu takarda, kuɗin sun shiga aljihu amma rumbu bai ga komai ba. Aikin bayan lokaci da ake biyan awa ɗaya da rabi, a asusu da yawa awa ɗaya ake rubutawa. Ranakun hutu da ake biya, wata yarjejeniyar na ƙirga su, wata ba ta ƙirgawa.

Wanda ya bar garinsa ya je aiki wata jiha, kuɗinsa na shiga asusun can ne, sai ya cike takardar neman a mayar da su asusunsa na gida. Ƙungiyar masu aikin wuta, IBEW, har tsari na intanet ta kafa don wannan. In bai yi rajista ba, sai ya zama yana da 'yan awoyi a nan, 'yan awoyi a can, ba inda suka isa. In ma ya yi, kuɗin ne ke tafiya, don haka idan can dala 8 ake zubawa a awa, gida kuma 12, awa 150 da ya yi za ta iso gida a matsayin 100.

Mafi ciwo shi ne kamfanin da ya ci aikinka ya ƙi aika kuɗin asusu, ko ya rage awoyin a rahotonsa. Dokar ERISA ta 1974, da gyaran da aka yi mata a 1980, ta ba amintattu ikon kai irin wannan kamfani kotu su karɓo kuɗin da ruwa da tara da ladan lauya. Amma shari'a tana cin watanni, ciwo kuwa ba ya jira. Wasu asusun suna rubuta wa ma'aikaci awoyinsa idan ya kawo takardun albashi, wasu sai kuɗin sun shigo. Ko ta wane hali, takardar albashi ita ce shaidarka. Kada a yar da ko ɗaya.

Ina ganin ƙimar wannan tsari, kuma ba zan ɓoye ba. Ya ba lebura mai yawo tsakanin gine-gine irin inshorar da ma'aikacin banki ke samu, sau da yawa ba tare da an cire masa ko sisi daga albashi ba. Kuɗin da ake zubawa a kan awa ɗaya ne ga saurayi da mai 'ya'ya shida, hannu da yawa suka taru suka ɗauki jinka. A ƙasar da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da ke cikin ƙungiya ba su wuce 6 cikin 100 ba, wanda ya samu shiga ya samu abu mai daraja.

Amma akwai aibi a tushensa wanda ba na iya kau da ido a kai. Inshorar lafiya don ranar ciwo aka yi ta, ranar ciwo kuwa ita ce ranar da mutum ba ya iya tara awa. Mai ciwon daji da ke karɓar magani wata shida, da me zai cika 120? Akwai faci da aka yi. Asusu da dama suna rubuta wa mai jinya wasu awoyi kowane mako na wani ɗan lokaci, in likita ya cike takarda. Dokar hutun jinya da iyali ta 1993 ta ba da mako 12, kamfani ya ci gaba da zuba kuɗi, kuma ba a yarda a tilasta wa mutum cinye rumbunsa a lokacin ba. Sai dai ita ma dokar awa take ƙirgawa: sai ka yi wa kamfani ɗaya shekara guda da awa 1,250, kamfanin kuma yana da ma'aikata 50. Maginin da ke yawo tsakanin ƙananan 'yan kwangila, wanda dominsa aka ƙirƙiro asusun tun farko, shi ne ya fi wuyar cika wannan sharaɗi.

Sannan ga wanda kullum yake kusa da layi bai haye ba. Matar da ke kula da tsohuwa a gida ba ita ke yanka wa kanta awa ba. Tsohuwar ta kwanta asibiti sati biyu, aiki ya tsaya, kafin kamfani ya samo mata wani gidan wata ya ƙare. An zuba kuɗi a kan awoyin da ta yi, kuɗin sun shiga tukunya sun yi wa wasu magani, ita kuwa ta tashi a tutar babu. Wannan a wurina rashin adalci ne, ko da doka ta halatta shi. Amintattu za su ce, kuma da gaskiyarsu, duk lokacin da aka sauke layin ƙasa sai kuɗi su kasa, dole a rage wa kowa wani abu. Na yarda lissafin ba sauƙi. Amma aika saƙon waya tun kafin wata ya ƙare, a ce wa mutum saura awa 30, wannan ba ya karya asusu.

Annobar korona ta tona asirin tsarin gaba ɗaya. A Maris na 2020 otal-otal suka rufe, ɗaukar fim ya tsaya, awoyi suka ƙafe wa dubban mutane a rana ɗaya, a daidai lokacin da kowa ke tsoron asibiti. Asusu da dama suka ci daga ajiyarsu suka tsawaita wa mutane, wasu kuma suka tsaurara sharaɗi don kada su durƙushe. Asusun 'yan wasan fim ya ɗaga kuɗin da ake nema a shekara daga dala 18,040 zuwa 25,950, tsofaffin 'yan wasa suka kai ƙara kotu. Sai a 2021 gwamnati ta biya wa waɗanda suka rasa aiki kuɗin COBRA baki ɗaya, daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba. A 2023 kuma marubutan Holiwud suka yi yajin kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118. Masu jan waya da masu fenti ba su shiga yajin ba, amma su ne awa 400 ta gagara, har sai da amintattun asusunsu suka kawo ɗauki.

Ko awoyi sun cika, iyali ba sa shiga da kansu. Sai an kai takardar aure da takardun haihuwa, in da wani harshe aka rubuta su a haɗa da fassara. Auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da takardar hukuma ba yakan jawo tambayoyi, dokar ƙasar kuma mace ɗaya ta sani. 'Ya'ya suna ciki har shekara 26 tun bayan dokar 2010. Ɗan riƙo, wanda a wurinmu ɗa ne ba wata magana, asusu zai nemi takardar kotu kafin ya karɓe shi. Haihuwa ko sabon aure kuma suna da wa'adin sanarwa, yawanci kwana 30.

Duk waɗannan ƙa'idoji suna cikin wani littafi da ake kira SPD, wanda doka ta wajabta wa kowane asusu ya ba mahalartansa kyauta. Wanda ya nema a rubuce aka wuce kwana 30 ba a ba shi ba, kotu na iya cin asusun tarar da ta kai dala 110 a kowace rana. Wanda aka ƙi biya wa kuɗin jinya yana da aƙalla kwana 180 ya ɗaukaka ƙara, kuma akwai sashe a Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, EBSA, da ke sauraron irin wannan koke ba tare da an biya ba. Doka ta ce babban asusu ya sanya sanarwar taimako da wani harshe idan masu karatu da harshen kaɗai sun kai mutum 500 ko kashi 10 cikin 100. Da wuya Hausawa su kai wannan adadi a asusu guda, don haka karanta wa juna takarda ya rage namu, a masallaci ko a gida ko a majalisar bayan sallar Juma'a.

Ambulan ta uku rahoton awoyi ce, kuma ita ta kwantar mana da hankali. Awa 90 ɗin nan ba su ɓace ba, suna nan a rumbu. Rabin Janairu da ya yi ya ba shi awa 80, jimla 170, wadda ta isa ta saya masa Afrilu har da rarar 50. Ramin na wata ɗaya ne. Ya sayi maganin uwargida da kuɗinsa, ya ɗaga ganin likitan haƙorin yaransa zuwa wata mai zuwa, takardar COBRA kuma muka cike ta muka ajiye a kan firji ba mu aika ba, ko da wani abu zai taso. Allah ya sa babu abin da ya taso. Ranar 1 ga Afrilu ya koma kyamis, katin ya yi aiki.

Yanzu yana da ɗan littafi a aljihun rigar aikinsa. Kowace yamma yana rubuta kwanan wata da sunan kamfani da awoyin da ya yi, in rahoton asusu ya zo ya zauna ya gwada su layi-layi. A watan Yuni ya gano awa 16 da wani ɗan kwangila bai aika ba, ya kai takardun albashi aka gyara. Yana da niyyar Hajji baɗi in Allah ya kai mu, daga can ya biya gida ya ga mahaifinsa, tafiyar wata biyu. Awa 240 tafiyar za ta ci, ya kuma ce ba zai tashi ba sai rumbu ya cika 360, don watan da zai dawo. Da muka haɗu a masallaci ranar Juma'ar da ta wuce ya buɗe littafin ya nuna mini: 215.